Dutsen da Aka Danne Kimchi da Shi

Magariba ta kawo jiki, Ok-bun na tsakar gida tana duba randunan kimchi, kabejin nan mai yaji da mutanen Koriya ke tsimawa, sai ta ji dutse ya faɗo a kan rufi. Ta ɗaga kai, ba kowa. Na biyu ya sauka a gabanta, da ta taɓa shi sanyi ƙalau kamar ƙanƙara, alhali ana tsakiyar zafi. Na uku ya fasa mata randa.

Tun daga ranar, da rana ta sunkuya sai jifa. 'Yarta Seul-gi, budurwar da bakinta ba ya hutawa, ta yi gum. Ba ci, ba magana. Almuru na yi sai ta miƙe ba takalmi ta nufi tsaunuka, sai an yi da gaske ake dawo da ita. Likita ya ce gajiya ce.

Uban kuwa, Byeong-ho, ko a jikinsa. Mutum ne da kowace Asabar sai ya saɓa jaka ya tafi hawan dutse a gandun tsaunuka na gwamnati, ko da gida na cin wuta.

"Yaran unguwa ne," in ji shi.

"Yaran unguwa ne suka mai da 'yarka gawa mai tafiya? Baban Seul-gi, wallahi ka ba ni haushi!"

Ba ta nemi shawararsa ba ta ɗauko Gye-wol, tsohuwar bokanya. Tsohuwa ta ajiye shinkafa da giya a kan tabarma, ta zaunar da yarinyar, ta shiga kaɗa ƙararrawa. Iska ta ɗauke. Karnukan unguwa suka yi tsit. Can sai bakin Seul-gi ya buɗe, muryar wata gyatuma ta fito, a shaƙe da fushi.

"Ina dutsena?"

"Wace ce ke?" in ji Gye-wol.

"Ɗana ya ɓace cikin dusar ƙanƙara a can sama. Na ɗora masa dutse a bakin hanya don ya gane gida. Har na mutu ina gadinsa. Sai wani ɓarawo ya jefa shi a jaka, kuka danne kabeji da shi!"

Ok-bun ta ji jini ya hau mata kai. Ko ɗan yaye ya san tarin duwatsun nan na hanyar tsauni: kowane dutse da roƙon mai shi, ƙarawa ake yi, ba a ragewa. Ta juya ta dubi mijinta.

"Faffaɗan dutsen nan da ka kawo mini, ba ce mini ka yi a kasuwa ka saya ba?"

"Na ga ya yi kyau ne..."

"Ya yi kyau! Tir da kai, tsohon banza!"

"Yarinyar nake so," in ji muryar. "Ta zo ta tsaya a gurbin dutsen."

Gye-wol ta buga ƙararrawa a ƙasa. "Ƙarya kike! Yarinya ba ta ɗauki komai ba. Za a mayar miki da kayanki."

"Bai isa ba."

"To faɗi."

"Ɓarawon ya kawo da hannunsa. Daga ranar kuma ƙafarsa ba ta ƙara taka tsauni. In ya taka, na dawo na tafi da ita."

Ok-bun ta ji sanyi a ranta, don ta ɗauka an gama. Ta jira mijinta ya amsa. Mutumin nan ya tsaya yana kallon ƙafafunsa, 'yarsa na karkarwa a gabansa.

"Har da..." ya ce a hankali, "har da ƙananan tuddai?"

Ita kanta ba ta san lokacin da ta shaƙo wuyan rigarsa ba. "Ciniki kake yi? Da ran 'yata kake ciniki? Rantse, ko in karya ƙafafun da kaina!"

Ya rantse. Seul-gi ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta zube a kan tabarma, iska ta dawo, wani kare ya yi haushi daga nesa.

Da ta buɗe ido, Byeong-ho ya durƙusa ya miƙa mata hannu yana hawaye. Yarinyar ta dubi hannun, ta janye jikinta zuwa wajen uwarta.

"Ina nan cikin jikina fa, Baba," ta ce da muryarta ta ainihi. "Na ji abin da ka tambaya."