Gwangwanin Baba Kassim

Harisu ya fara ganinta ne a ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti a Gadarif, inda yake miƙa wa tsofaffi kwalaben wani sabon maganin ciwon gwiwa da ake gwadawa. Kowa na kallon tagarsa, ita kuwa talabijin ta zuba wa ido, ana nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i daga Khartoum.

"Wanne ne naki?" ya tambaye ta.

"Ga Yayana Husaini can."

"Mai tsalle?"

"A'a, na kan benci. Wasa huɗu ke nan, rigar kawai yake sawa."

Mahaifinta, Baba Kassim, tsohon mai yankan riɗi, ya yi tsaki. "Na tura shi karatu, ya koma gadin benci. Taso, Ummusalama, karɓo mini kwalbata."

Daga ranar, duk Talata sai Harisu ya goge talabijin ɗin da hannun rigarsa. Kafin damina ta kai tsakiya sun fara musayar saƙo.

"Ummuna, yau ma Yayanki bai shiga ba. Ni dai na shiga, ban kuma san hanyar fita ba."

"Kai dai ka iya baki, ɗan taga. Ka turo manyanka."

Ya turo. Sai Sharu, mai shagon magani a kasuwar hatsi, wanda ya daɗe yana neman ta, ya je ya zauna gaban Baba Kassim da labari: rabin kwalaben nan ba magani ba ne, gari ne aka dunƙula.

Abin takaicin, Sharu bai yi ƙarya ba. Haka ake gwajin: wasu su sha na gaske, wasu su sha holoƙo, don a gane ko maganin na aiki. Wai kuma an gaya musu. An karanta musu takarda shafi uku da Larabcin littafi, da sauri, ga tsofaffin da Larabcin kasuwa kaɗai suka iya, aka dangwala musu yatsa a tawada. Harisu yana wurin, shi ya riƙe tawadar.

Ummusalama ta tare shi a bakin taga, idanunta jajur.

"Na Baba, magani ne ko gari?"

"Wallahi ban sani ba. Lamba ce kawai a kwalbar. Ko daktor bai sani ba."

"Ya bar tsohon maganinsa saboda ku. A zaune yake salla yanzu. Kana miƙa masa kana cewa Allah ya ba da lafiya, alhali ka san ƙila gari ne?"

Da yamma saƙon Baba Kassim ya iso ta bakin maƙwabcinsa Iliya: wanda zai dubi mara lafiya ya miƙa masa gari, ba za a ba shi 'ya ba.

Kwana shida Harisu yana juya abin. Mutumin da bai san abin da ke hannunsa ba, ya yi ƙarya? Sai ya ga ba nan laifin yake ba. Ya san ba su gane takardar ba, ya kuma yi shiru don aikin na da daɗi. Ransa ya ɓaci da daktor, ya fi ɓaci da kansa.

Ranar Talata ana wasan ƙarshe, ɗakin ya cika. Harisu ya fito daga bayan taga ya kashe talabijin.

"Kai zol, bawan Allah, lafiyarka?" in ji Iliya.

Ya buɗe takardar, ya fassara musu ita da Hausa, layi bayan layi, har wurin da aka ce duk mai son fita yana iya fita ya koma tsohon maganinsa.

Baba Kassim ya dube shi. "Wato rabinmu Husaini aka ba mu. Ga riga, ba wasa."

Aka yi dariya, ban da Iliya, wanda ya sunkuyar da kai. "Kassim, gaya masa maganar gwangwani."

Ashe tun makon farko tsofaffin unguwar su tara suke juye kwalabensu cikin gwangwanin madara ɗaya a zauren Baba Kassim, kowa ya ɗiba bayan shayin safe. Har Hajo mai sayar da kisra, wato wainar dawa, wadda ba ta cikin gwajin, ana ɗibar mata. A unguwarsu ba a cin abu a ɓoye wa maƙwabci, balle magani.

"Rufa mana asiri, ɗana," in ji Iliya. "In ka faɗa, aikinka ya tafi."

Harisu ya dubi Ummusalama. Sannan ya juya ga Iliya.

"In na rufe, za a rubuta sakamakon ƙarya, a kai wa wasu tsofaffin a garuruwan Showak da Fau. Na yi shiru sau ɗaya, ya isa."

Ya shiga ofishin daktor. Aka ji faɗa ta bayan ƙofa. A makon aka rufe gwajin a asibitin, aka mayar da kowa kan tsohon maganinsa, aka sallami Harisu. Ya koma ɗinkin buhu a kasuwar hatsi, daura da shagon Sharu.

Can saƙon Ummusalama ya same shi: "Ɗan taga, Baba ya yi salla a tsaye yau. Ya ce ka zo da manyanka. Ni ma na ce."

Aka ɗaura aure bayan an gama yankan riɗi. Husaini ya zo daga Khartoum, Iliya ya nuna masa benci ya ce ga wurinsa an tanada. Da liman ya gama karanta abin da ake karantawa da Larabci, Baba Kassim ya ɗaga hannu.

"A maimaita da Hausa. Na tambaye ta da Hausa ta ce tana so. Shi ma ya ji abin da yake karɓa: tana da faɗa, ba ta kuma mantuwa."

"Na ji, Baba, na gane, na karɓa," in ji Harisu.

"To, Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai faɗin gaskiya."

Aka shafa. Sannan aka zagaya da dabino cikin gwangwanin madarar nan, kowa ya ɗiba.