Kuɗin Ajiyar Tsohuwar Wayata

Ni ba matsoraci ba ne, kuma ba na ɗaukar raini. Gyaran janareta nake yi, ba wanda ya koya mini, da hannuna na kwance injin farko na ɗaure shi ya tashi. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce wawa aka samu aka damfara. Da ma damfarar ce, da na gode Allah.

Wata Talata, gab da magariba, na biya layin masu waya in sayar da tsohuwar wayata. Shekara bakwai tana aljihuna, fuskarta ta tsage, batirin ya kumbura kamar kwaɗo. Na tarar shaguna duk suna jan ƙofa. Sai a ƙarƙashin matakalar wani bene na hango mutum a zaune: tebur, ƙwan fitila ɗaya, da buhu cike da matattun wayoyi. Wurin yana warin ƙonanniyar dalma, da wani wari kamar na ramin da aka haƙa yanzu.

Dogo ne siriri, kansa a sunkuye. Na nuna masa wayar, ya faɗi farashin da ya ninka zatona sau uku.

"Ka goge ta?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ina na ga lokacin goge-goge? Na cire layina. Ba fasa ta za ku yi ba?"

"To, buɗe mini."

Na ɗora babban yatsa, ta buɗe. Ya karɓe ta da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

Sai da na sa layin a sabuwar waya na tuna cewa ni a kan waya nake ajiye lambobi, ba a kan layi ba. Haka na koya wa kaina tun farko. Sunaye ɗari uku da wani abu, duk na bar su can. Na ja tsaki na manta.

Washegari, rana na faɗuwa, saƙo ya shigo: "An cire ɗari biyu. Kuɗin ajiya." Kashegari ma haka. Da mako ya zagayo ya zama ɗari biyar, na gaba dubu.

Na je banki ina huci. Yarinyar da ke kan kanta ta daɗe tana kallon na'urarta.

"Baba, mu ba mu da wani caji mai wannan suna. Kuɗin dai suna fita, kuma da yatsanka ake amincewa."

"Yatsana? Ga shi a hannuna! Ko haya na ba da shi?"

Sai da masu gadi suka raka ni waje. Kafin in fita na kwashe duk abin da ke asusun. Na ce in ga uban da za su cira.

Da yamma saƙo ya zo: "Kuɗi bai isa ba. An cire mutum ɗaya."

Na yi dariya har matata ta leƙo daga kicin. "Baban yara, lafiya? Kai da waya kuma yau?"

Da safe na buɗe shago na yi wa mai walda sallama. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninmu, kullum sai ya kira ni Sarkin Hayaƙi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Sannu malam. Aiki ka kawo?"

Na zage shi cikin wasa. Bai yi dariya ba. Ya matsar da akwatin kayan aikinsa kusa da ƙafarsa.

Daga nan kowace yamma mutum ɗaya. Mai sayar mini da fulogi. Masu kawo mini aiki. Abokan makarantar firamare. Na lura da tsarin: an fara da waɗanda ban cika kira ba, ana hawowa wajen waɗanda nake kira kullum. Na mayar da kuɗi asusu da gudu. Cirewar mutane ta tsaya, amma wanda ya tafi bai dawo ba, cajin kuma ya kai dubu biyar a yini. Ranar da na gaza, sai a ɗauki ɗaya.

Ranar da na je gidan yayana ya tare ni a bakin ƙofa.

"Yaya, ni ne fa."

"Kai wa? Ƙanina ɗaya ne, kuma yanzun nan muka gama waya da shi. Kama gabanka tun muna mu biyu."

Ya nuna mini fuskar wayarsa. Sunana. Minti goma sha biyu.

Daga can na wuce layin masu waya, da sifanar kwance noti a aljihu. Magariba ta kawo jiki. Ba kowa. Takun ƙafata kawai, da ledar da iska ke ja a ƙasa.

Ƙwan yana ci. Mutumin yana nan zaune.

Warin ya ƙaru. A bayansa, inda na san bango ne, akwai ɗaki mai zurfi. Kantoci har sama, jere da wayoyi. Fasassu, ƙonannu, wasu ba murfi ba batir. Duk a kunne. Daga kowace murya na fita a hankali, ɗaruruwa, kamar ƙudan zuman da aka rufe a tulu. Ana gaisuwa. Ana dariya. Wata tana rarrashin yaro.

"Ba ni wayata," na ce. "Ga kuɗinka."

"Ba a mayarwa."

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani." Bai ɗago ba. "Ka bar mana mutanenka, ka buɗe da hannunka. Ajiya tana da tsada. Wanda ba a biya masa ba, mai gida ya riƙe shi."

"Wane mai gida?"

Ya nuna kanta ta uku.

Ga wayata nan, da tsagar fuskarta. Tana kiran wata lamba. Aka ɗauka.

Muryata ce ta yi sallama.

Har da ɗan tarin da nake yi kafin magana. Amma a sanyaye take, ba faɗa, ba tsaki. Tana tambayar ƙanwata jikin ɗanta, tana cewa a yi haƙuri da halina na da. Ƙanwata tana kuka tana sa albarka.

Na yi tsalle na damƙo ta.

Sanyi kamar ƙanƙara. Ba nauyi.

Duk muryoyin suka yi tsit.

Sai mutumin ya ɗago kai. Inda fuska take, baƙin gilashi ne mai tsaga, ni nake kallon kaina a ciki. Ya kama babban yatsana. Hannunsa ya naɗe shi sau biyu.

"Tunda ka zo," ya raɗa, "bar mana shi gaba ɗaya."

Na kwaɗa masa sifana. Na ji ƙarar tartsatsin gilashi. Na fizge, fatar yatsan ta zauna a hannunsa, wayar ta faɗi.

Na ruga.

A bayana aka ci gaba da hira.

Yatsan ya warke sumul, ba zane ko ɗaya. Na'urar banki ba ta san shi ba, amma cajin bai fasa fita ba. Na koma da rana, ƙarƙashin matakalar bango ne da tulin shara. Na rufe asusun, na karya layin, saƙon ya biyo ni a wayar aro, dole na sake buɗe asusun. Na sayar da babur. Na sayar da kayan aiki, don mai gyaran da ba wanda ya san shi ba ya samun aiki. Na yi ta biya har abin da zan sayar ya ƙare.

Jiya saƙon ya same ni a hanya. Ban buɗe ba. Na san saura mutum ɗaya.

Na tura ƙofar gidana. Matata tana zaune a tabarma, waya a kunnenta, tana wata dariya da na yi shekaru ban ji ba. Ta gan ni. Ta yi maza ta jawo mayafi ta rufe kanta.

"Malam, ai sai ka yi sallama daga waje," ta ce. "Maigidan ba ya nan. Amma jira shi, ga shi a waya, ya ce ya kusa ƙarasowa."