Farin Dutse a Ƙasar Laka

Da magariba abin ya fara. Dije na bakin murhu tana shafa kisra, siririyar wainar garin dawa, gidan shiru kamar yadda yake tun da ɗanta Muntari ya tafi haƙar zinariya a arewa, sai ta ji ƙwal! a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Ta leƙa waje, ba kowa, sai gonakin auduga har inda ido ya gaji.

Da ta tsinci abin da aka jefo, sai ta ga dutse ne. Duk wanda ya tashi a nan yankin Jazira ya san ƙasar baƙar laka ce, sai mutum ya wuni yana nema bai sami dutsen korar kare ba. Wannan kuwa fari ne mai ƙyalli, irin wanda Muntari ya taɓa kawowa a aljihu don ya nuna mata abin da suke fasawa a can. Daga wannan zuwan ya koma, wayarsa ta daina shiga, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Jifa ya zama na kullum. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa, har masu zuwa aron gishiri, waɗanda a da ba sa fashi. Dije kuwa, a faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai take ji ba. Tara duwatsun take yi a wani tsohon gwangwani, tana shafa su, tana cewa a ranta wannan saƙo ne.

Sai abin ya koma kan Nasiba, ɗiyar da ta rage mata. Yarinyar ta dawo daga ɗibar ruwa ta faɗi a ƙofar ɗaki, ta daina ci, ta riƙa magana da muryar da ba tata ba. Asibitin birnin Madani suka auna suka ce ba su ga komai ba. Dole aka ɗauko Faki Abdussalami daga garin Wad Haddad, dattijon malami da ya saba da irin wannan aiki.

Ya zauna gefen gado bayan la'asar sakaliya ya fara karatu. Ba a jima ba Nasiba ta sandare, wata kakkaurar murya ta fito daga bakinta.

"Dije! Ce ma malamin ga shi yi shiru. Ni na ɗauko duwatsun ga daga bakin ramin Muntari. Ki bar ni in zauna cikin ɗiyarki, in gaya maki ko yana da rai."

Dije ta riƙe gwangwanin a ƙirji. "Ya Faki, dakata, don Allah."

"Hajiya, dutse dutse ne," in ji malamin a hankali. "Aljanin nan ya nuna ya san abin da ke sa ki kuka. Bai nuna ya san ɗanki ba."

"To kai mi ka kawo mani? Kullum haƙuri, kullum Allah na nan. Shi ko ya ba ni abin da na riƙe da hannuna!"

Malamin ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarki. Wallahi ba ni da abin da zan sa maki a hannu, kuma ban san inda yaron yake ba. Amma ga hannun ɗiyarki, ki duba."

Dije ta duba. Hannun Nasiba ya rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Kunya ta kama ta, don ta daɗe tana shafa duwatsu ba ta lura ba. Ta ajiye gwangwanin a ƙasa.

"Ci gaba da karatu, Faki."

"Ba za ki taɓa sani ba!" muryar ta yi ƙara. "Har ki mutu!"

"Na ji," in ji Dije, hawaye na zuba. "Fita."

Karatu ya yi ƙarfi. Muryar ta yi zagi, ta yi magiya, ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba, sannan ta yi ƙasa. Nasiba ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Inna, ruwa."

Washegari Dije ta juye duwatsun duka a magudanar gona, ba ta rage ko ɗaya ba. Nasiba ta warke, maƙwabta suka dawo aron gishiri. Ba a sake jifa ba. Amma duk magariba, idan Dije ta zauna bakin murhu, sai ta tsinci kanta ta tsayar da hannu, ta kasa kunne ga rufin.