Ƙafar Malam Nasidi

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, direbobin Zariya na ta karo suna ba juna haƙuri, Safiyatu ta fara ganinsa.

Ta tashi daga makarantar firamaren da take koyarwa, ta biya asibiti kai wa Goggo Mariyamu, yayar babanta, tuwo. Tana shiga ɗakin mata sai ga wani siririn saurayi durƙushe gaban gadon, tef ɗin awo a hannunsa, ya naɗe sharaɓar Goggo da shi yana ta gyaɗa kai.

Safiyatu 'yar mai ɗinki ce, ba ta iya ganin tef ta yi shiru.

"Malam tela, wando za a ɗinka wa Goggon tawa?"

Ya ɗago. Tef ɗin ya suɓuce masa ya shige ƙarƙashin gado.

Goggo ta ce, "Ke, rufa mana asiri! Likita ne. Dokta Ɗanjuma. Shi ya ƙwato ni daga bakin kabari."

Daga ranar tuwon Goggo bai sake makara ba. Shi kuma Dokta sai ya gano cewa ƙafar Goggo, duk cikin ƙafafun ɗakin, ita ce mai bukatar awo daidai lokacin da ake kawo tuwo.

A bakin baranda ya yi mata bayanin bincikensa. Wani lokaci, in ji shi, jini kan dunƙule a jijiyar ƙafa, musamman ga wanda ya daɗe a zaune ko a kwance. Gudan ya ɓalle ya tafi huhu ya toshe hanya. Wani ya mutu nan take, wani kuma jini ya riƙa hawa a jijiyoyin huhunsa har zuciya ta gaji da turawa. So yake ya gane su wa abin ya fi kamawa, kuma me ya sa.

"To ni dai," in ji Safiyatu, "in na gan ka numfashina kan yi sama-sama. Gudan jini ne?"

Ya shiga nazari da gaske, har ya soma tambayarta ko ƙafarta na kumbura. Sai da ta tuntsire da dariya sannan ya gane, ya rufe fuska da hannu. A nan ta san ta kamu, kamun da ba magani.

"Telana," ta ce, "kai dai karatu ya cinye ka."

"Ya rage saura, Malamata. Sauran naki ne."

Matsalar ita ce Malam Nasidi, mahaifin Safiyatu. Duk Ƙofar Kibo ba wanda ya kai shi iya ɗinkin hannu na babbar riga, ba kuma wanda ya kai shi son a girmama shi. Tun hantsi yake naɗe ƙafa a zaure da allura da zare, ba ya tashi sai salla. Ya riga ya ji cewa yaron ɗan manoma ne daga ƙauye, ya taɓe baki. Ga kuma Alhaji Bahago, mai kanti a Sabon Gari, mai sabuwar mota Fijo, wanda ke neman auren Safiyatu, kullum yana zuwa gaisuwa da goro da turare, ko da yake Safiyatu ta sha gaya wa Umma cewa gara ta tsufa a gida.

Ranar da Dokta zai zo gaisuwa, sai da ta yi masa bita kamar ɗan aji ɗaya.

"Ka cire takalmi tun daga waje. Ka durƙusa. Kada ka kalli idonsa. Ka sunkuyar da kai ƙasa, ka yi shiru, komai ya ce ka ce, haka ne Baba."

Wannan shawara ita ta jawo komai. Gama mutumin da aikinsa kallon ƙafafu, aka ce ya sunkuyar da kai gaban mai zama, me ake tsammani zai gani?

Safiyatu na laɓe bayan asabari tana leƙe. Ta ga ya durƙusa, ta ji daɗi. Ta ga ya sunkuya, ta yi hamdala. Sai ta ga wuyansa yana ƙara tsawo. Baba na cikin ba da tarihin kakanninsa, Dokta ya matsa, ya miƙa hannu, ya ɗage ƙafar wandon surukin da bai riga ya zama suruki ba, ya danna sharaɓar da babban yatsa.

"Wayyo!" in ji Malam Nasidi.

"Baba, tun yaushe ta hagun ta fi ta dama kauri?"

Almajiran ɗinki suka daskare da allurai a sama. Malam Nasidi ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Auren 'yata ka zo nema, ko sa ka zo taya a kasuwa? Tashi ka fita! In na sake ganin ƙafarka a gidan nan, kai ma sai an auna taka!"

Ya fita yana waiwaye, ba Safiyatu yake waiwaye ba, ƙafar yake waiwaye. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta sha kuka, rabi na baƙin ciki, rabi na haushin wannan wawan da take so kamar ranta.

Washegari Goggo, wadda tuni aka sallame ta, ta dawo daga awon jini da 'yar takarda a ƙulle a bakin zane.

"Malamata, na yi wauta, ki yafe mini. Amma ko ba za a ba ni ke ba, a kawo Baba asibiti yau. Kada kowa ya murza ƙafar nan. Ban iya barci ba, rabi saboda ke, rabi saboda ita. Telanki."

"Ji mini," in ji Safiyatu tana share hawaye, "ni da ƙafar Baba rabi da rabi."

Ta roƙi Baba, ya ce ko sunan asibiti kada ta sake kira masa. Alhaji Bahago kuwa da ya ji labari, sai ga shi da kwalbar man zafi da wani ƙaton mai tausa daga tasha. Safiyatu ta fito ta tsaya a bakin zaure tana cewa likita ya hana. Alhaji ya ce ai shi ya sa ma za a yi. Aka murje ƙafar nan murza ta gaske.

Da la'asar Malam Nasidi ya miƙe zai tafi masallaci. Bai kai bakin ƙofa ba ya dafe ƙirji ya sulale, yana jan numfashi kamar wanda aka shaƙe. Leɓɓansa suka yi duhu. Safiyatu ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A Fijon Alhaji aka ɗauke shi, Alhaji na tuƙi, ya manta an sauya hannu, masu kekuna na watsewa suna Allah ya isa. Dokta na ganinsu ya manta da abin da ya wuce. Ya sa aka ɗaura ruwa da allurar tsinka jini, ya tare a gefen gadon, abinci ma sai an tuna masa. Allah ya yi da sauran kwana, Malam Nasidi ya tashi. Aka sallame shi da ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum, da sharaɗin zuwa awon jini, da kuma tashi ya taka ƙasa maimakon zama wuni guda.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

Wata safiya Alhaji Bahago ya faɗo zaure da gwangwani daga kantinsa, ya dire shi kusa da kwalbar maganin Malam.

"Jama'a ku duba! Sunan da ke jikin wannan, shi ne a jikin wannan. Maganin ɓera yake ba ka, Malam! Ramuwar korar da ka yi masa ce!"

Malam Nasidi ya ture kwalbar da ƙafa, ya rantse ba zai ƙara sha ba, ya aika a kira likita. Safiyatu ta san in ya bar maganin, gudan zai dawo, wataƙila wannan karon ba Fijon da za ta cece shi. Ta figi mayafi ta fice ta ƙofar baya.

Dokta ya zo ya durƙusa. Makwabta sun cika zaure.

"Yaro, gaskiya ne maganin ɓera ne?"

Duk mai hankali da ya kewaya. Shi sai ya ce, "Haka ne, Baba."

Zaure ya ɗauki salati.

"Sinadarin ɗaya ne. Ɓera yana ci babu awo, jininsa ya tsinke ya mutu. Kai ɗan kaɗan nake ba ka, ina auna jininka, don kada ya sake dunƙulewa. In ka bari, Baba, ina jin tsoro."

Sai aka ji ƙwas ƙwas ɗin sanda. Goggo Mariyamu ce, Safiyatu na riƙe da hannunta, ta ratsa maza ba ko sallama.

"Kai Nasidi! Ni nan tun da aka kwantar da ni nake cin maganin ɓeran nan. Ka ga na fito da wutsiya? Ko an taɓa kama ni a rumbu? Da aka kai ni asibiti, ko tsakar gida ban iya tsallakewa, yau ga ni daga Gyallesu da ƙafata. Ɗauki ka sha, kafin in ɗura maka irin yadda nake yi maka kana yaro!"

Malam Nasidi ya dubi yayarsa, ya dubi gwangwani, ya daɗe yana kallon saurayin da ke durƙushe.

"Mutumin da zai danna ƙafata ranar farko, ya kuma ce mini haka ne gaban jama'a, wannan ko ya so ba zai iya munafunci ba." Ya jefa ƙwayar a baki ya kora da ruwa. "Alhaji, kwashe gwangwaninka. Kai kuma turo manyanka."

Rigar ango shi ya ɗinka ta da hannunsa, ta daɗe ba ta ƙare ba, don yana ɗinki yana tashi zagaya unguwa. Masu ɗinkin Ƙofar Kibo kuwa, da suka ga haka, layi suka riƙa yi a auna musu sharaɓa, binciken Dokta ya samu mutane har ya rasa inda zai sa su.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, ango ya zo gaida suruki. Safiyatu na leƙe ta asabarin nan dai. Ya durƙusa, ya rufe ido gam, ya harɗe hannuwa a baya don kada su ci amanarsa.

Malam Nasidi ya miƙe ƙafafunsa biyu, ya janye wando da kansa.

"Tunda ka sunkuya, buɗe ido ka duba mini."

Ya duba, ya danna ta hagu, ya danna ta dama. Ya ce, "Daidai suke, Baba."

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka.

"Na kore ka, ka tsaya a kaina. Ga Safiyatu nan, ka kula da ita yadda ka kula da ƙafar nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin magana fiye da ni."

Zaure ya amsa da amin. Daga bayan asabari ma aka ji wata amin, mai haɗe da dariya da kuka.