Reshen Marke a Bayan Keke

A gangaren da ke sauka daga birnin Sakkwato zuwa gulbi suka fara haɗuwa, kuma da faɗa suka fara.

Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa mulki ba, keke kuwa sai a hannun masinja ko ma'aikacin En'e. Hasana, 'yar Malam Gidaɗo, tana dawowa daga Kwalkwalawa tare da goggonta Hajjo, wadda ke zaga ƙauyuka tana karantar da mata. Hasana ce ke ɗauke da gafakar littattafai. Sai ga wani saurayi ya gangaro a guje yana kaɗa ƙararrawa. Ya kauce wa jaki, ya zube a gabanta, gafaka ta faɗi ƙasa.

"Kai ba ka da ido? Ka san abin da ke cikin wagga gafaka?"

Saurayin ya tashi, gwiwarsa na jini. Bai dubi gwiwar ba. Ya ɗauki gafakar da hannu biyu, ya kakkaɓe, ya miƙa mata.

"Yi haƙuri, Malama. Birki ne ya ƙi."

"To ka sayi jaki. Shi yana jin magana."

"Jaki ba shi kai ni Gusau, Malama Mai Fushi."

Goggo Hajjo ta yi dariya har ta dafa sanda. Hasana ba ta yi ba. Amma da suka kai kan tudu ta waiwaya, ta ga shi ma yana tsaye yana waiwayenta.

Sunansa Siddiƙu, ɗan dukawa ne. Ya bar ɗinkin fata ya koma gyaran keke a bakin kasuwa, kekensa ma da hannunsa ya harhaɗa shi daga tarkacen da masinjoji suka yar. Tun daga ranar, duk hanyar da Goggo Hajjo za ta bi, sai a tarar da shi yana gyaran abin da bai lalace ba.

"Goggo, ki ce wa Malamata gwiwa ta warke, amma akwai inda bai warke ba."

Hasana ta mayar da amsa: "Ki ce wa Na-Keke ni ba mai magani ba ce. In da gaske yake, ya san ƙofar gidanmu."

Ya kuwa sani. Ya turo manyansa, Malam Gidaɗo ya sallame su a tsaye. A ganinsa, 'yar da ya karantar da bakinsa har ta fi ɗalibansa maza fiƙihu ba ta dace da mai wasa da ƙarfen Nasara ba. Zuciyarsa tana kan Junaidu, babban ɗalibinsa, ɗan gidan malamai. Sai dai Malam ba ya aurar da 'ya ba da yardarta ba, Hasana kuwa ta ce a'a, ta sake cewa a'a.

Akwai wani ciwo a gidan da ya girmi wannan magana. Mamman, yayan Hasana, ya bi masu ɗibar leburori zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, shekaru sun wuce babu shi babu labarinsa. Mahaifiyarsu Iyatu ta kwanta, ba ta kiran sunan kowa sai nasa.

Ranar da Siddiƙu ya yi ƙarfin hali ya zo zaure da kansa, Malam ya dubi keken da ke jingine a waje.

"An ce kana cewa wanga ƙarfe babu inda ba shi zuwa."

"Da yardar Allah, Malam."

"To ga ɗana can cikin duwatsu. Ka kawo mini shi kafin a ga watan azumi, in ba ka ɗiyata. In an ga wata ba ka zo ba, kada in sake ganin ƙafarka a ƙofata."

Malam gatse ya yi. Siddiƙu ya ce, "Na karɓa."

Hasana tana bayan ƙofa, ta ji komai. Da yamma, a soron Goggo Hajjo, ta tare shi idonta jawur.

"Wa ya aike ka? Baba ya yi maka ba'a, kai kuma ka durƙusa ka ce ka karɓa! Ni goro ce da za a aza a faifai a ce mai tsere ya ɗauka? Ka tambaye ni?"

"Malamata..."

"Kada ka ce mini Malamata! Ka taɓa ganin dutse? Tudun da ya fi kowane tsawo a rayuwarka shi ne wanda ya kayar da kai a gabana."

Siddiƙu ya ce a hankali, "Ko babu aure, Hasana, Inna tana kiran ɗanta. Ni ke da abin hawa."

Gaskiyar maganar ta ƙara ba ta haushi. Ta juya masa baya.

"Ka tafi. Amma in ka mutu a can, wallahi ba ni yafe maka."

"To, ba ni mutuwa, hasken idona."

Ya ɗaure buta, bargo, famfo da guntayen fata a kariyar bayan keke, ya kama hanyar Gusau.

Daga Gusau saƙonsa ya iso a bakin wata mai sayar da daddawa: "Ki gaya wa Malamata na ga dutsen Kwatarkwashi. Ya yi girma, amma bai kai fushinta ba." Daga Zariya wani saƙon ya zo: "Ƙafa ta kumbura, keke lafiya. Ina tuna ki a kowane hawa." Daga nan sai shiru.

Rajab ya wuce. Sha'aban ya kama, unguwa ta cika da guɗar bukukuwan 'yan matan da ake son su tare kafin azumi. Sai wani bafatake mai suna Ladan ya sauka da jakunansa daga ƙasar Jos, ya zauna a kasuwa ya ba da labari. Ya ce da idonsa ya ga Siddiƙu a kan wani dutse mai shiga gajimare, keke a kansa kamar tallan itace. Ya ce daga baya kuma ya gan shi ya sare reshen itace da ganyensa, ya ɗaure da igiya a bayan keke, ya hau, ya faɗa gangare yana jan reshen yana ihu.

Mutanen Sakkwato, waɗanda ƙasarsu shimfiɗe take kamar tabarma, ba su yi dogon tunani ba. Mutum ya ɗauki abin da ya kamata ya ɗauke shi, sannan ya ɗaura wa kansa kaya ba gaira ba dalili? Iskokin dutse sun shige shi. Kafin magariba labari ya gama gari.

Hasana ta ga abin da ba ta taɓa zato ba. Ƙawayenta suka riƙa yin shiru in ta shigo. Matan da take karantarwa suka fara yi mata jaje. A bakin rijiya wata ta ce, yadda za ta ji, "Allah sarki, amaryar mai jan reshe." Junaidu ya aiko da turare da saƙo mai laushi: shi bai ƙi ta ba duk da abin da ya faru. Ta mayar da turaren ko buɗewa ba ta yi ba.

"Duk da mi? Ki tambaye shi, Goggo, duk da mi? Mi na yi?"

Malam ya kira ta. "Ɗiyata, magana ta ƙare. Ko ya dawo, ba ni ba mahaukaci aure. Shari'a ma ba ta yarda ba."

"Baba, wa ya tabbatar da haukan? Kai ka koya mini ba a yanke hukunci da bakin mutum guda ba tare da an tambaye shi ba. Cikinku wa ya tambayi Ladan?"

Babu wanda ya tambaya. Ta sa Goggo Hajjo ta kirawo Ladan har zaure, ita tana bayan asabari, Malam da Junaidu suna zaune.

"Malam Ladan, da kunka haɗu, ya gaishe ku?"

"Ya gaishe mu, har ya tambayi farashin gero a gida."

"Kun yi salla tare?"

Ladan ya sosa ƙeya. "Shi ma ya ja mu la'asar. Raka'a biyu, ta matafiya."

"Kun bi mahaukaci salla ke nan? Ka rama ta?"

"A'a, ai... lokacin lafiyarsa lau. Bayan munka sallame ne abin ya taso mishi."

"Da sallamewa? Aljanin yana tsaye yana jiran ku shafa fatiha?"

Goggo Hajjo ta toshe baki. Junaidu ya ce, "To reshen fa, Hasana? Mai hankali na jan reshe?"

Hasana ba ta iya ƙarya ba.

"Ban sani ba," in ji ta cikin haushi. "Ban san dalilin reshen ba. Ku ma ba ku sani ba. Bambancina da ku, ni ina jira in tambaye shi."

Malam ya ce alkawari yana nan har a ga wata, amma sai ya gamsu da hankalin yaron da kansa.

Haka ta jira. Ta yi jinyar Iyatu, ta fita karantarwa kanta a sama, ta bi ta gaban masu zunɗe ba ta sauya hanya ba. A ɗaka kuwa takan yi faɗa da Siddiƙu a zuci: reshen mi, Na-Keke? Cikin duk abin da za ka yi a gaban mutane, sai jan reshe?

Ana saura kaɗan Sha'aban ya ƙare, da hantsi, hayaniya ta taso daga bakin kasuwa. Mutane na biye da wani baƙin mutum ramamme, leɓɓansa a fashe, yana tura keken da aka cusa wa ciyawa a taya maimakon iska. A kan kariya wani ne zaune, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma. A jikin sirdi kuma an ɗaure guntun itacen marke.

Iyatu, wadda ta yi watanni ba ta taka ba, ta ji muryar da ta yi sallama. Da rarrafe ta fito tsakar gida.

"Mamman! Mamman ɗina!"

Sai da kuka ya lafa Malam ya fito zaure, ya dubi Siddiƙu, ya dubi guntun itacen. Kafin ya buɗe baki, murya ta fito daga bayan asabari.

"Baba, ka yi mini izini. Ni na jira, ni ke tambaya. Siddiƙu, reshen mi ka ja? Ka san abin da anka kira ni a garin nan saboda kai?"

Siddiƙu ya yi murmushin gajiya. "Malamata, duk mun ɗauka hawa ne wahala. Hawa ƙarfi kawai yake ci: in keke ya ƙi, ka sauka ka tura, in dutse ya tsaya, ka aza shi a ka. Sauka ita ke kisa. Gangaren can ba irin namu ba ne, kana sauka kana kewaya dutse, rami na gefenka, ba ka ganin ƙarshensa. Robar birki ta cinye tun a gangaren farko. Na yanka fata na sa, ta ƙone har tana wari. Sai na tuna yadda ƙaya ke riƙe rigar mutum. Na ɗaura reshe, shi ke ja na baya, ni ina sauka a hankali."

"Ihun fa?"

"Jakunan Ladan nike wa, su ba ni hanya."

Zaure ya fashe da dariya, ban da Mamman, wanda aka zaunar a kan buzu.

"Baba," in ji shi, "ramin kuza ya rufto mini a ƙafa, kunya ta hana ni aiko da labari. A wani sansani can ƙasan duwatsu ya same ni. Wanga bawan Allah ya tura ni a kan keke har saman dutse, sanyi na tsaga mana hannu, yana faɗuwa yana tashi. Da munka zo saukowa mu biyu, igiya ta tsinke a wata kwana. Na ga ramin da idona. Ya jefa mu jikin dutse, kafaɗarsa ta karɓa. Ya tashi ya sake ɗaura reshen, ya ce mini in riƙe da kyau, ana jiransa a gida kuma mai jiran ba ta da haƙuri."

"Ƙarya yake yi," in ji Hasana, hawaye na zuba. "Wa ya kai ni haƙuri a garin nan?"

Malam Gidaɗo ya miƙe, ya kama hannun Siddiƙu, ya zaunar da shi a kan buzunsa na karatu.

"Na yi maka gatse, ka mayar mini da ɗa. Gobe bayan azahar a turo manya." Ya juya wajen asabari. "Ke kuma, kin yarda, ko akwai sauran tambaya?"

"Akwai, Baba. Amma na yarda. Sauran a ɗakina zan yi mishi su."

Aka ɗaura aure kafin a ga wata. Junaidu ya zo, ya shafa fatiha, ya tafi da wuri. Matan bakin rijiya su suka fi kowa guɗa, Hasana ta bar su suka yi har muryarsu ta dushe.

Guntun marken nan, wanda duwatsu suka goge shi sumul, Siddiƙu ya sassaƙe shi ya yi wa amaryarsa muciya. Da ita ta tuƙa tuwon buɗa-bakinsu na farko. Ta ɗaga ta tana tururi, ta nuna shi da ita.

"Na-Keke, in ka sake karɓar wani alkawari ba ka tambaye ni ba, ka ga wagga?"

"Na gani, hasken idona."

Iyatu, da ta kawo musu kunu da ƙafarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu. "Allah Ya sa ku ga jikokinku. Allah Ya riƙe ku a gangare kamar yadda Ya riƙe ku a hawa."

Suka ce amin. Hasana ta zuba masa malmala biyu, ta ƙara ta uku, tana harararsa.