Kilen Kano a Kan Notin Faransa

Wani ne ya zuga yaron nan, kuma ya san kansa. Babban mutum ne, da gemunsa. Bai taɓa riƙe ko guduma ba, amma a baki ya fi kowa iya gyaran mota. Da abu ya ɓaci, sai aka neme shi aka rasa. Ku ji yadda aka yi.

Lokacin nan Faransawa ke mulki, mota kuwa ba ta yi yawa ba. A duk Matamaye mutum ɗaya ke gyara ta, Manu maƙeri. 'Ya'yansa biyu ne. Babban, Lawwali, kurkunu ya kama masa ƙafa, da ƙyar yake takawa. Ƙaramin shi ne yaron da muke magana, mai hura wa uban wuta a maƙera.

Manu na da kile jaka biyu. Kile ƙarfe ne mai baki kamar ɗan ƙoƙo. Kifa shi ake yi a kan noti, a sa mariƙi a murɗa. Jaka ɗaya ta motocin Ingilishi ce, masu zuwa daga Kano ɗaukar gyaɗa. Ɗayar kuma ta motocin Faransa. A ido duk ɗaya suke, amma awonsu ya bambanta da abin da bai kai kaurin farce ba.

Kullum Manu na gaya wa yaron a gwada kile da hannu tukuna. In ya yi rawa a kan noti, ba nasa ba ne. Yaro yakan ce to, hankalinsa na can wurin wasa.

Ran nan Manu ya tafi Tsauni gaisuwar mutuwa. Da hantsi sai ga babbar motar Faransa, ta kumandan mai mulkin yankin, maƙare da buhunan gero, za ta Damagaram. A bakin kasuwa taya ta fashe. Direba ya buɗe akwatinsa, ya tarar kilensa ya tsage.

Akwai gardi a motar, wato ɗan sandan kumandan. Ya diro ya ce geron nan ba zai kwana a hanya ba. In la'asar ta yi mota ba ta tashi ba, samarin gari za su ɗauke shi a ka har Damagaram. Kowane gida mutum ɗaya. A gidan Manu kuwa, ba wani saurayi sai Lawwali.

Yaro ya tuna da ƙafar wansa. Ya ruga maƙera, ya suri jakar da ta fi kusa, ko dubawa bai yi ba. Ta Kano ce.

Direba ya tafi neman duwatsun tokare mota. Yaro bai jira shi ba. Ya kifa kile a kan noti, ya shiga. Ya girgiza shi, sai ya ji yana ɗan rawa. Ya tsaya, maganar ubansa ta faɗo masa.

Sai mai gemun nan ya ce daga cikin 'yan kallo, "Kai yaro, ƙarfe ai ƙarfe ne. Hau ka taka."

Yaro ya hau mariƙin ya taka. Kile ya zame, yaro ya faɗi ya kurje gwiwa. Kunya ta kama shi. Ya sake hawa, ya sake takawa, har sai da gefunan notin suka cinye, ya koma mulmulalle kamar ƙwallon goruba.

Da direba ya dawo ya gani, sai ya dafe kai. Aka ɗauko jakar Faransa. Sauran notin duk suka kwance ba gardama. Wannan ɗaya kuwa, ko kilensa na gaskiya ya ƙi kama shi. Noti ɗaya tak ya riƙe taya, taya ta riƙe mota.

Gardi ya fara tara samari a gindin tsamiya. Aka zo da Lawwali yana jan ƙafa. Innarsu Salamatu ta tsaya a ƙofar gida, tana ɗaure masa dawon fura na guzuri a tsumma, hawaye na zuba. Ba wanda ya zagi yaron. Da ma an zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan azahar Manu ya dawo a kan jakinsa. Ya durƙusa ya shafa notin. Ya dubi jakar Kano a yashe a ƙasa, sannan ya dubi ɗansa.

"Ya yi rawa?"

"Ya yi, Baba."

"To, don me ka taka?"

Yaro ya waiga zai nuna mai gemu. Babu shi, babu labarinsa.

Manu ya ce, "Hannunka ya gaya maka gaskiya, ka bi bakin ɗan kallo. Ɗauko mini kurfin sare ƙarfe da guduma."

Yaro ya riƙe kurfi, uban na duka. Zufa ta jiƙa su, inuwa sai tsawo take. Gardi na kai da kawowa, yana kallon rana. Can noti ya tsage ya faɗi. Aka canza taya. Manu ya lalubo wani tsohon notin Faransa a kwanon tarkacensa.

Da aka zo ɗaurewa, Manu ya zube kilen jaka biyun a gaban yaro, ya cakuɗa su, ya ce ya zaɓa. Yaro ya durƙusa. Ya kifa ɗaya, ya yi rawa, ya ajiye. Ya kifa wani, ya ƙi shiga. Ya yi ta gwadawa, har wani ya zauna daram. Sannan ya murɗa.

Ladan na kiran la'asar mota ta tashi. Gardi ya sallami samari. Lawwali ya dungure wa ƙanen kai, ya ce, "Saura kaɗan ka aika ni Damagaram da ƙafa ɗaya." Salamatu ta kwance dawon nan ta dama musu, suka sha suna dariya.

To, yara, abin da ya kusa daidai ba daidai ba ne. A gwada tukuna, sannan a sa ƙarfi. Kuma kada a bi maganar wanda ba hannunsa ke kan aiki ba. In akwai mai musu a cikinku, ya zura takalmin babansa ya yi tsere da shi, sannan ya dawo ya ce ƙarya ne.