Ƙwayar Da Dogo Ya Hana

Abba ya sake ajiye cokali. Loma ɗaya ya kai, ta tsaya masa a ƙirji, sai da ya bi ta da ruwa yana runtse ido. 'Yarsa Auta ta tsorata, don da haka yayan Abba ya fara kafin ciwon dajin hanyar abinci ya ɗauke shi.

Umma ta turo mata waya.

"Kalli bidiyon nan. An ce maganin rage kitsen jini yana kare mutum daga wannan ciwon. Ki ce wa Dogon naki ya kawo mana, ba a kemis yake aiki ba?"

Dogo ne saurayin da Auta za ta aura, yaro mai kunya kamar me, amma in ya kafe ya kafe. Da yamma ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Umma, ki gafarce ni, ba zan iya kawowa ba. Wanda abinci ke tsaya wa asibiti ya kamata a kai shi."

"Asibiti? Da ƙafarsa yayansa ya shiga, a kwance aka fito da shi! Tun ba a ba ka 'yar ba kake hana ubanta magani? Tashi ka ba ni wuri, kada ka sake taka ƙofar gidan nan!"

Washegari Auta ta same shi a kemis, idonta jawur, yana jera kwalaye a kanta.

"Haba Dogo! Ƙwaya ce fa kawai. Ko ba ta yin komai ka ba ta, hankalinta ya kwanta, mu tsira da aurenmu."

"Kwanciyar hankalin nan nake tsoro," in ji shi. "Ranar da ƙwayar ta shiga gidanku, Abba ba zai ga likita ba sai ya kasa haɗiyar ruwa. Gara in rasa ki da in sa hannu a haka."

"To ka rasa ni ɗin!"

Ta fita tana kuka. Haushinsa take ji, ta kuma san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

A gida ta tarar da Abba ya ture kwano bai taɓa ba. Ta zube gabansa.

"Abba, ko ba don kanka ba, don ni. Mu je asibiti."

Ya dube ta, ya ce a miƙo masa takalmi. Umma ta biyo su da mayafi a hannu tana faɗa har bakin titi, amma ta shiga mota tare da su.

Likita ta zura siririyar kyamara ta maƙogwaronsa, ta ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Jiran sakamakon nan sai da ya ramar da Auta. Da suka koma, likita ta ce ciwon ne, amma yanzu ya fara, kuma aikin tiyata zai iya cire shi.

"Maganin kitsen fa?" Umma ta tambaya a sanyaye.

"Wasu bincike sun ga ƙarancin ciwon a cikin masu shansa, amma ba a tabbatar shi ne dalili ba. Ko ma shi ne, ba ya warkar da ciwon da ya riga ya kama. Da kun zauna kuna sha a gida, da wata maganar muke yi."

Umma ta fashe da kuka.

Ranar da Abba ya cinye abincinsa tas bayan an yi masa aikin, Umma da kanta ta karɓi wayar Auta ta kira Dogo.

"Ɗana, ka yafe mini. Ka zo, Abbanku na nemanka."

Auta ta rufe fuska tana dariya da hawaye. A ranar ta gane cewa masoyin gaskiya zai yarda ka yi fushi da shi, in dai fushin ne zai tsare maka ran wani naka.